Filash Mai Tsaga Uku: Ta'aziyyar Baba Tsantsa

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina zaune a teburina a ofis da abin sauraro a kunne, sai saƙo ya shigo kwamfutata daga 'yarka ma'aikaciyar jinya. Muryar nan da ke karanta mini duk abin da ke kan allo ta karanta shi yadda take karanta kowace takarda, ba rawar murya, ba jan numfashi: Baba ya cika ɗazu a asibiti. Na sa ta maimaita, ta maimaita. Na cire abin sauraron na ajiye, na ce na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, sannan hawaye suka zo. Baba Tsantsa, muryar da ka yi sanadin samuwarta a cikin wannan na'ura ita ce ta kawo mini labarin rasuwarka, kuma ban ji haushinta ba ko kaɗan. Ba don kai ba, da sai na jira wani ya sami sarari ya karanta mini.

Kai aminin mahaifina ne tun ban zo duniya ba, shi ya sa na tashi ina ce maka Baba, kuma da mahaifin nawa ya rasu ba ka bari na ji sunan ya zama na ara ba. Sana'arka gyaran kwamfuta. Shagonka na nan tsakanin mai aski da mai sayar da takalma, ɗan siriri, wanda in mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya tsaya a karkace. Na san shi da idona tun ina gani: matattun kwamfutoci jere har kusa da rufi, fanka marar murfi da kullum kake gargaɗin mutane a kanta amma ba ka taɓa gyarawa ba, warin dalma, da kujerar baƙi mai ƙafa ɗaya gajera da ka tokare da tsohon littafin lambobin waya. Ni kuwa sakatariya ce a wani ofishin lauyoyi, kuma tun da na kama aikin ba ka ƙara kirana da wani suna ba sai Sakatariya, har a ranar ɗaurin aurena.

Sunan Tsantsa ba iyayenka ne suka raɗa maka ba, bakinka ne ya jawo maka. Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda in babu ita akwati ce kawai. Kai ba ka ɗora wa mutane sai irin wadda masu ita suka bar cikinta a buɗe, kowa ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara in zai iya, ya ba wani kyauta. Ita wannan manhaja kuwa iri biyu ake sauko da ita a zuba a filash, ɗan abin nan na ajiyar bayanai da ake sokawa a jikin kwamfuta, don girkawa. Akwai tsantsarta, wadda ba a gauraya da komai ba. Akwai kuma wadda aka haɗa da wasu 'yan ƙananan manhajoji na kamfanonin da ke ƙera sassan kwamfuta, waɗanda in babu su wani sashen ba ya tashi, kamar abin kama intanet ba tare da waya ba, ko abin fitar da sauti. Su kamfanonin nan ba sa nuna wa kowa abin da suka rubuta a ciki. Ƙunshin kamfani kake ce wa irin waɗannan, kuma ba wanda ya zauna a kujerar baƙinka bai ji karatun ba: "Ni ba na ba mutum ƙunshin da ban kwance na ga abin da ke ciki ba. Tsantsa!" Kana faɗa kana buga tebur har 'yan kusoshi su yi tsalle.

Filash ɗaya tak ke rataye a maƙallin makullanka a wancan zamani, fari, mai santsi. Kuma ba taurin kai ne kawai ba, don kana biyan kuɗin aƙidarka da guminka. In ka girka wa mutum tsantsa intanet ya ƙi kamawa, ba ka ce masa ya je ya yi haƙuri. Sai ka jawo gwangwanin madarar nan da kake tara 'yan sassan da ka ciro daga matattun kwamfutoci, ka zaɓo wanda ke aiki ba tare da ƙunshi ba, ka kwance kwamfutar mutum ka musanya masa, sau da yawa ba ka karɓi ko sisi a kai ba. Ɗalibai nawa ne suka kawo maka tsofaffin kwamfutocin da aka ce sun mutu, suka koma da su suna aiki? Matar da mijinta ya rasu ya bar hotunan 'ya'yansu a na'urar da ta ƙi tashi, kai ka zauna da ita har ka ciro su ɗaya bayan ɗaya, ka ƙi kallon ko guda don ka ce ba naka ba ne. A gida kuwa, tun da taka kwamfutar ba ta kama intanet sai da waya, ka ja wata doguwar waya daga ɗaki ta ratsa tsakiyar falo. Inna, matarka, ta sha yin tuntuɓe da ita da faranti a hannu. Ta kan ce aƙidar Malam ba ta taɓa karya kamfani ko ɗaya ba, amma ta kusa karya mata ƙafa.

Sai ciwon ido ya same ni. Hawan jinin ido ne, ya riƙa cin ganina daga gefe-gefe ban ankara ba, har ya zamana sai abin da ke tsakiya nake gani, daga baya shi ma ya tafi. Ba zan tsaya bayanin wannan lokaci ba, wanda ya shiga ya sani. Abin da ya fi yi mini ciwo ba duhun ba ne, tausayin mutane ne. Maigidana, mutumin kirki, tela ne, ya ce in zauna a gida in huta, shi zai ɗauki komai. 'Yan'uwana suka fara magana a kaina ina zaune a wurin, kamar kunnuwan ma sun tafi tare da idon. Ni da na yi shekara ashirin da wani abu ina buga takardu, yatsuna sun san mazaunin kowane harafi fiye da yadda na san hanyar gidanmu, a ce in naɗe hannu ina jiran a miƙo mini kofi? Wallahi raina ya ƙi.

Babban lauyan ofishinmu bai kore ni ba, kuma ban ga laifinsa a abin da ya ce ba. Ya kira ni ya ce ofis ba zai iya ɗaukar mutum na biyu don ya riƙa karanta mini allo ba. Ya ba ni sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ya ce akwai zaman sulhu tsakanin wasu 'yan kasuwa biyu da ke tafe. In na iya ɗaukar bayanin zaman ni kaɗai, na miƙa shi a gyare kafin a tashi aiki, kujerata tana nan. In ban iya ba, za a sallame ni da mutunci a kan rashin lafiya. Magana ta fito fili, ba ɓoye-ɓoye.

Na sa maigidana ya kawo ni shagonka. Ka saurare ni har na gama, ka ce, "Sakatariya, wannan ai ƙaramin abu ne. Akwai murya a cikin manhajar nan, duk harafin da kika taɓa za ta faɗa miki, duk layin da kika rubuta za ta karanta miki." Ranar na ji kamar an buɗe mini taga. Ka ciro farin filash ɗinka ka girka, komai ya hau lafiya lau. Allo ya kawo, a faɗarka, rubutu ya fito tsaf. Sai ka tada muryar. Shiru. Ka ƙara ƙarfin sauti, ka kashe ka kunna, ka yi tsaki, shiru dai. Abin fitar da sautin wannan sabuwar na'ura ba ya tashi sai da ƙunshin kamfani. Na ji ka jawo gwangwanin madara ka kwance bayan kwamfutar, sannan na ji ka mayar da murfin gwangwanin a hankali. Shi wannan sashe a manne yake da jikin uwar na'urar, ba ya ciruwa balle a musanya shi.

Amma ba ka saduda ba, kai da saduda ai sai a lahira. Ka samo wani ɗan abu kamar ɗan yatsa da ake sokawa a gefen kwamfuta, shi ke fitar da sauti ba ruwansa da ƙunshin kowa. Ka soka, muryar ta yi magana, ka buga tebur ka ce tsantsa ta yi halinta. Na tafi gida da murna. Na yi ta koyon aiki da muryar nan mai magana ta hanci, ba gaisuwa ba sannu, har muka saba.

Ranar zaman sulhu ta zo. Ɗakin taron ofishinmu matsattse ne, an jera kujeru bakin tebur. Ana tsakiyar magana, yatsuna na gudu, muryar na bina a kunne, sai ɗaya daga cikin 'yan kasuwan ya miƙe a fusace, ya ture kujerarsa baya, kujerar ta daki gefen kwamfutata. Na ji ƙas. Muryar ta ɗauke. Na lalubo ɗan abin nan na ji ya karye, rabinsa a hannuna rabinsa a cikin ramin. Kunya ta hana ni tsayar da zaman. Na ci gaba da bugawa a cikin shiru, ina fatan haruffan suna sauka inda ya kamata. Da aka tashi aka duba, ashe tun lokacin da kujerar ta dake ni wani akwati ya buɗe a kan allo, duk abin da na buga bayan nan iska ya bi. Babban lauya ya ce 'yan kasuwan ba su daidaita ba, za su sake zama, kuma zai ba ni wannan zaman na biyu. Ya ce daga shi babu wani.

Baba, ka san halina, Allah bai yi ni da sanyin baki ba. Daga ofis ko gida ban je ba. Na shigo shagonka na dire kwamfutar a teburinka, na ɗora maka guntun abin nan a tafin hannu. Abin da na faɗa maka ranar ban taɓa faɗa wa babba irinsa ba, kuma har yau ban janye ko kalma ɗaya ba, don kai da kanka ka hana ni janyewa. Na ce, "Baba, kai kana da ido. In kwamfutarka ta yi shiru sai ka dubi allo. Ni in ta yi shiru, katako na ɗauka a cinya. Kana gudun ƙunshin da ba ka ga cikinsa ba, to ni duniyar nan duka ban ga cikinta ba, kuma haka nake shiga mota, haka nake shan maganin da aka miƙo mini. Faɗanka da kamfanoni gaskiya ne, amma ba su suka zauna a ɗakin taro yau suna buga iska a gaban mutane ba, ni ce."

Fankar nan tana ta kaɗawa, injin mai aski yana kuka ta bayan bango. Na zaci ka yi fushi, har na fara laluben sandata. Sai ka ce in zauna. Na ji kana danne-danne a taka kwamfutar, aka daɗe, na ji ka buɗe aljihun tebur ka yage ledar wani sabon abu. Can kuma sai na ji ƙarar magagari a kan roba, ƙurus, ƙurus, ka tsaya ka hura, ka sake. Ban san me kake yi ba. Da ka gama ka kamo hannuna ka sa mini filash a ciki, yatsana ya bi gefensa ya ji tsaga uku.

Ka ce, "Wannan ja ne, amma ja ba ya miki amfani, shi ya sa na tsaga shi don ki bambanta shi da mai santsi. Akwai ƙunshin kamfani a cikinsa. Ban san abin da suka rubuta ba, kuma har gobe ba na son sa. Na gaya miki don ki sani. Kin yarda a sa miki?" Na ce na yarda tun jiya. Na miƙa maka filash ɗin, ka ƙi karɓa. Ka ce ni zan girka da hannuna. Na ce haba Baba, ana maganar aikina kana mini wasa? Ka ce, "In ta lalace miki ranar da ba na nan fa? Ni ba dawwama zan yi a shagon nan ba, Sakatariya."

Ka yanko kwali ka rufe allon, don kada idonka ya ja ka ka sa baki, ka juya kujerarka ka ba ni baya. Abu ɗaya kawai ka gaya mini: in na soka filash ɗin na kunna, zan ji ɗan ƙara, daga nan in danna harafi kaza in jira. Na lalubo ramin, na soka a juye, na juya na sake sokawa. Na kunna. Ɗan ƙaran ya zo. Na danna. Na jira. Sai murya ta fito daga cikin jikin na'urar kanta, ba wani ɗan yatsa a gefe, ba komai, tana tambayata da wane harshe nake son a yi aikin.

Kabbarar da ka yi ranar, Baba, sai da mai aski ya faɗo shagon da inji a hannu, ya baro mutum da rabin kai, yana tambaya ko wuta ce ta kama. Ka ce masa ba wuta ba ce, Sakatariya ce ke girka kwamfuta, ya koma bakin aikinsa. Bai koma ba, tsayawa ya yi a ƙofa. Muryar tana tambaya ina amsawa, tambaya bayan tambaya. Wuri ɗaya na rikice na koma baya, na ji kujerarka ta motsa, na ji ka danne kanka ka zauna. Har ta ce an gama, in cire filash. Na cire, ta sake tashi, ta gaishe ni da muryarta ta hanci. Ni da aka ce in zauna a gida a riƙa miƙo mini kofi, na ɗora wa kwamfuta babbar manhajarta daga farko har ƙarshe ba wanda ya taɓa mini maɓalli ɗaya. Na yi kuka, ka yi kamar ba ka ji ba, kana ta faɗa da mai aski a kan ya tare maka iska.

Zama na biyu ya zo. 'Yan kasuwan nan suka yi ta hayaniyarsu, wani ya buga tebur, wani ya ture kujera, ko a jikina. Babu abin da ya leƙo a gefen kwamfutata balle ya karye. Na ɗauki bayanin tsaf, na sa muryar ta karanta mini daga sama har ƙasa, na gyara abin gyarawa, na miƙa tun rana ba ta yi sanyi ba. Babban lauya ya karanta a tsaye a gaban teburina, ina jin ƙarar shafukan. Da ya kai ƙarshe bai yi wani dogon yabo ba, cewa ya yi akwai wasu takardu a kan teburinsa da yake so a buga kafin jibi. Ban taɓa jin daɗin a jibga mini aiki kamar ranar ba. Shekaru sun shuɗe tun daga nan, kuma a kan wannan kujerar nake zaune yanzu.

Da wani ne, da ya yi mini wannan a ɓoye ya ja bakinsa ya yi shiru, don kana da almajiran aƙida da kai ka koya musu ƙin ƙunshin kamfani. Kuna da ƙungiya ta masu kishin buɗaɗɗiyar manhaja, kuna haɗuwa ranar Asabar da la'asar a wani ajin makaranta da ake ara muku. Labari ya riga ka zuwa. Dogo, wanda a hannunka ya koyi gyara kafin ya buɗe nasa shagon, ya tare ka da cewa ashe tsantsa ma tana karɓar gauraye. Ka tafi da ni taron. Ba ka yi musu wa'azi ba, kuma ba ka sa kowa a gaba ba sai kanka. Ka ɗaure idonka da hankici, ka soka farin filash ɗinka a irin kwamfutata, ka kunna, ka danna, ka zauna. Ajin ya yi tsit, na'urar ma tsit. Ka bar su a cikin shirun nan har wasu suka fara gyara zama. Sannan ka ce, da hankicin a fuskarka, "Wannan shirun shi na ba 'yar aminina ta tafi da shi wurin aiki."

Dogo bai sauka ba. Ya ce in kowa ya karɓi ƙunshi, yaushe kamfanonin za su ji matsin da zai sa su buɗe? Ka ce gaskiyarsa, kuma ba za ka fasa damun kamfanonin da saƙonni ba har sai sun buɗe ko ka mutu, amma ba za ka ƙara biyan wannan yaƙi da abincin wani ba. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira magariba. Abin da aka tsayar shi ne abin da ka riƙe har ƙarshen ranka: filash biyu a maƙalli, a fara gwada mai santsi, in komai ya tashi shi ke nan. In wani sashe ya ƙi, a gaya wa mai kwamfuta abin da ke cikin ɗayan da abin da ba a sani ba game da shi, shi ya zaɓa da bakinsa. Dogo bai yarda ba ranar, kuma in ka tambaye shi yau zai ce maka bai yarda ba. Amma shi ya riƙa kai ka asibiti a motarsa duk tsawon jinyar nan, kuna musu a hanya. Kai ma kuma taka kwamfutar ta gida ba ta taɓa ɗanɗana ƙunshi ba, wayar nan tana nan a tsakiyar falo.

Bayan an yi maka sutura, da aka ɗan sarara da karɓar gaisuwa, Inna ta aiko a kira ni. Ta ce akwai wata kwamfuta a shago, ta wani malamin lissafi ne da ciwon suga ya taɓa masa ido, makarantarsu na shirin ajiye shi. Ka yi masa alkawari, ciwo ya kwantar da kai kafin ka cika. Dogo ya ce a ba shi ya yi, Inna ta ce a'a, kai da bakinka ka faɗi wanda zai yi. Ta sa mini maƙallin makullanka a hannu. Na shafa na ji su biyun, mai santsi da mai tsaga, tsagar har ta sulɓe don yawan taɓawa.

Muka buɗe shagon. Warin dalma na nan, kujerar baƙi na nan da gajeriyar ƙafarta. Malamin ya zauna a kanta, muryarsa irin ta mutumin da ya gaji da jin sannu. Na yi yadda kake yi, ban rage komai ba. Na fara da mai santsi, muka saurara, shiru. Na gaya masa abin da ke cikin mai tsaga, na gaya masa ba wanda ya san abin da kamfani ya rubuta a ciki, kuma mai wannan shago bai taɓa son sa ba. Na tambaye shi ko ya yarda. Ya ce ya yarda, ya turo mini kwamfutar. Na mayar masa, na sa masa filash ɗin a tafin hannu. Ya ce, "Baiwar Allah, ni fa ba na gani." Na ce, "Malam, ni ma haka."

Ya soka a juye, ya juya ya sake sokawa. Ɗan ƙaran ya zo, ya danna. Da muryar ta fito ta tambaye shi da wane harshe yake son a yi aikin, kabbara ta tashi daga bakin ƙofa. Mai aski ne, ashe tun da ya ji an buɗe shagon ya baro aikinsa ya zo ya tsaya. Inna na bayansa tana kuka tana dariya. Malamin ya girka kwamfutarsa da hannunsa har ƙarshe, ni kuwa na zauna a kujerarka na harɗe hannuwa, sai ranar na san irin wahalar da ka sha da ka hana kanka sa baki. Ya koma aji, Baba. Da kansa ya rubuto mini ya gaya mini.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ya tsaya a kan abin da ya ɗauka gaskiya ne tsawon ransa, kuma da ya ga tsayuwar tasa ta danne wani mai rauni, ya sunkuya ya ɗaga shi a gaban kowa bai ji kunya ba. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka masa shi, Ka sa duk harafin alheri da makaho ya buga ta sanadinsa ya zama nauyi a ma'auninsa. Ka sada shi da amininsa mahaifina a Aljanna maɗaukakiya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta ce kada kowa ya kuskura ya naɗe wayar nan ta falo. Ga 'yarsa ma'aikaciyar jinya da ta tsaya a kansa har numfashin ƙarshe, da sauran 'ya'ya da jikoki. Ga Dogo da 'yan ƙungiyar Asabar. Da maƙwabtansa na shago. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Baba, ka tambaye ni yadda zan yi ranar da ba ka nan. Ranar ta zo. Wannan ta'aziyya da hannuna na buga ta, a kan kwamfutar nan, kuma ba wanda ya karanta mini allo.

Sakatariyarka.